Dokar Kalifoniya kan wasanni da finafinan da ake saya ta intanet

Tun daga 1 ga Janairun 2025, kamfanin da ke sayar da wasan bidiyo, fim, waƙa ko littafi ta intanet a jihar Kalifoniya ta Amurka ba shi da damar rubuta "saya" a wurin biyan kuɗi haka kawai. Dokar ita ce AB 2426. 'Yar majalisar jihar Jacqui Irwin ce ta gabatar da ita, Gwamna Gavin Newsom kuma ya sa mata hannu a Satumbar 2024.

Tushen maganar shi ne bambancin faifai da abin da aka sauke daga intanet. Idan ka sayi faifan wasa a shago, ya zama naka. Kana iya ara wa ƙaninka, ka sayar da shi idan ka gama, ka yi musaya da wani, ko ka bar wa 'ya'yanka. Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar da wannan ƙa'ida tun 1908, yanzu kuma tana cikin sashe na 109 na dokar haƙƙin mallakar ƙasar: da zarar mai haƙƙi ya sayar da kwafi, ikonsa a kan wannan kwafin ya ƙare. Abin da aka hana ka shi ne ka buga wasu kwafe kana rabawa.

Abin da aka sauke kuwa bai samu wannan gata ba. Wani kamfani mai suna ReDigi ya gwada buɗe kasuwar gwanjon waƙoƙin da mutane suka saya ta intanet, kotu ta ce a 2013 hakan ya saɓa doka, domin tura fayil daga na'ura zuwa wata sabon kwafi yake haifarwa. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin a 2018. Ashe kuɗin da ka biya na lasisi ne, wato izinin amfani, kuma wanda ya ba da izini yana iya janyewa.

An kuwa gani a ƙasa. A Disambar 2023 Sony ta sanar da masu PlayStation cewa za ta goge shirye-shiryen tashar talabijin ta Discovery da suka biya kuɗi suka saya, sai da aka yi ca a kanta ta fasa. Ubisoft, kamfanin yin wasannin bidiyo, ita ba ta fasa ba: ranar 31 ga Maris 2024 ta kashe sabar wasan tseren motoci The Crew, wato kwamfutar kamfanin da wasan ke haɗuwa da ita ta intanet, wasan ya daina aiki gaba ɗaya.

Dokar ta Kalifoniya ta ba mai sayarwa zaɓi biyu. Ko dai ya sa mai saye ya amince a fili cewa lasisi yake karɓa, bayan ya ga sharuɗɗan kuma ya san ana iya janye shi, ko kuma ya rubuta hakan ɓaro-ɓaro kafin a biya, daban da dogon rubutun nan da kowa ke latsa "na yarda" bai karanta ba. Wanda ya ƙi, za a ɗauke shi a matsayin mai tallar yaudara. Dokar ba ta shafi irin su Netflix da ake biya wata-wata ba, da kayan kyauta, da abin da za ka sauke ka adana yana aiki ba tare da intanet ba. Tun a Oktobar 2024 Steam, shagon sayar da wasannin kwamfuta ta intanet, ta fara nuna sanarwar a shafin biya.

A ganina an yi abin kirki, amma an tsaya a rabin hanya. Dokar ba ta hana kamfani ƙwace wasan ba, ba ta kuma ce ya mayar maka da kuɗinka ba. Tilasta shi kawai ta yi ya faɗi gaskiya. Mutumin da ya tara wasanni na shekara goma a asusu ɗaya har yanzu ba zai iya sayar da ko guda ba, kuma wannan bai dace ba.

Shi ma faifan ba kullum yake ceto ba. Waɗanda suka sayi The Crew a faifai sun tashi da faifai a hannu babu wasa, domin ba ya tashi sai da saba. Saboda haka kafin ka biya, duba bayan kwalin ko shafin wasan ka ga ko an rubuta cewa dole sai da intanet. A kwamfuta kuma, shagon GOG yana ba da fayil ɗin girka wasa wanda za ka iya ajiyewa a na'urarka ka girka duk lokacin da ka so.