Makaranta ta ce kada a sa wa yaro gyada a abincinsa: tambayoyin da iyaye ke yi

Iyayen da karatu ko aiki ya kai su Ingila ko Kanada sukan ci karo da wata takarda tun makon farko da sa yaro a makaranta: kada a ƙunso masa gyada ko danginta a abincin rana, saboda akwai ɗalibin da jikinsa ba ya karɓarta. Ga wanda ya tashi da kunun gyada da ƙuli-ƙuli, abin yakan zo da mamaki, wani lokaci har da jin haushi.

Wane irin ciwo ne wannan da ake tsaurarawa haka?

Likitoci suna kiransa alaji. Garkuwar jikin yaron ce take ɗaukar wani sinadari na abinci a matsayin maƙiyi, sai ta tashi faɗa da shi. Mai sauƙinsa shi ne abin da muka sani da borin jini: fata ta yi ruɗu-ruɗu, ƙaiƙayi, leɓe ko fatar ido su kumbura. Mai tsananinsa ana ce masa anafilaksis. Maƙogwaro ya kumbura, numfashi ya sarƙe, bugun jini ya faɗi, kuma duk wannan yana iya faruwa cikin 'yan mintuna. Ba sai yaron ya ci da yawa ba. Ɓurɓushi ya isa.

Ya bambanta da na wanda in ya sha madara cikinsa ke kumburi ko ya yi gudawa. Wancan rashin narkewar sukarin madara ne, yana da wahala amma ba ya toshe numfashi.

Anya ba tsirfa ba ce kawai ta mutanen da suka ƙoshi?

Ba tsirfa ba ce, kuma dokokin nan rasa rayuka ne ya haife su. A shekarar 2003, wata yarinya mai shekara 13, Sabrina Shannon, ta sayi soyayyen dankali a ɗakin cin abinci na makarantarsu a lardin Ontario na Kanada. Tana da alajin madara, kuma sai da ta tambaya aka tabbatar mata ba a soya shi da abin da zai cutar da ita ba. Abin da ake kyautata zato shi ne, abin ɗiban da aka ɗebo mata dankalin da shi ya taɓa wani abinci mai cuku. Ta rasu washegari. Sanadiyyarta majalisar lardin ta yi dokar da ke ɗauke da sunanta a 2005, wadda ta wajabta wa makarantun gwamnati horar da malamai da kuma rubuta tsari na musamman ga kowane yaro mai irin wannan lalura.

A Landan kuma, a 2017, wani yaro mai suna Karanbir Cheema, shi ma ɗan shekara 13, ya rasu bayan wani ɗalibi ya jefe shi da ɗan yankin cuku a wuya. Binciken da aka yi daga baya ya nuna allurar ceton da aka ajiye masa a makaranta ta wuce wa'adinta. Wannan batu na allura a riƙe shi, zan dawo kansa.

Gyada kaɗai ake hanawa?

A'a. Dokar Ingila ta lissafa abubuwa 14 da dole a bayyana su a jikin abincin sayarwa, daga ciki akwai gyada, 'ya'yan itatuwa irin su kashu da almon, riɗi, madara, ƙwai, alkama, waken suya, kifi da jatan lande. Amurka tana da tara, riɗi ne na ƙarshen shiga a farkon 2023. Makarantu sun fi hana gyada da su kashu, wasu su haɗa da riɗi. Madara da ƙwai da wuya a hana su gaba ɗaya, domin kusan babu kular da ba su a ciki, duk da cewa madara ma tana kisa kamar yadda labaran nan biyu suka nuna.

To mu da gyada take cikin rabin abincinmu fa?

Nan ne ya kamata uwa Bahaushiya ta fi maƙwabciyarta Baturiya lura. Ita tana duba rubutun jikin kwali ta huta. Namu kuwa gyadar ɓoye take. Yajin tsire da garin ƙuli-ƙuli ake haɗa shi, saboda haka naman da aka barbaɗa wa shi ya fita daga lissafi. Kilishi da tunkuza ake tsoma shi. Miyar taushe da gyada ake kaɗa ta. Kwaɗon zogale ko na rama, ƙuli ne ransa. Ga kantu na riɗi, ga awara ta waken suya. Man gyaɗa na gida wanda ba a tace a masana'anta ba yana ɗauke da sinadarin da ke tayar da ciwon, don haka ƙosan da aka soya da shi ma abin dubawa ne. Har cokali ko wuƙar da aka taɓa tunkuza da ita sai an wanke da sabulu kafin a yanka wa yaro burodi.

Abin da ya rage yana da yawa: dafa-duka, shinkafa da wake, taliya, doya da miya, alale, dankali, 'ya'yan itace. Aya kuwa ba dangin gyada ba ce, saiwa ce da ke fita a ƙasa, amma sunanta na Turanci, tiger nut, mai kama da na gyada, yana sa malamai su tsorata, gara a yi musu bayani kafin a aika da kununta.

Shin hanin yana kare yaron da gaske?

Yana ragewa, ba ya kawarwa. Ƙungiyar Anaphylaxis UK, mai tallafa wa masu alaji a Birtaniya, ita ma ba ta goyon bayan a hana abinci a makaranta baki ɗaya, domin babu wanda zai iya binciken ɗaruruwan kuloli kowace safiya, kuma allon da aka rubuta "babu gyada a nan" yakan sa mutane su saki jiki. Ni dai ra'ayina, in makaranta ta kafa doka a bi ta ba gardama, musamman a ajin ƙanana masu sa komai a baki. Amma makarantar da ta tsaya a kan hani kawai, malamanta ba su san alamun ciwon ba, ba ta gama aikinta ba. Wanke hannu da sabulu bayan cin abinci yana cire ragowar gyada. Man goge hannu mai sinadarin barasa ba ya cirewa. Goge tebur, da zaman malami kusa da yara lokacin cin abinci, su ma suna da tasiri.

An ce kada yara su riƙa raba abinci. Ba rowa ake koya musu ba?

Wannan ita ce ta fi yi mana nauyi. Mun tarbiyyantar da 'ya'yanmu kan cewa ba a cin abu a gaban mutum ba a ce masa bismillah ba, kuma wanda aka miƙa wa ya ƙi karɓa ana ganin ya yi girman kai. Dole a zaunar da yaro a gaya masa dalili: "Abokinka yana da ciwo, in ya ci naka zai iya kwanciya asibiti. Hana shi ɗin shi ne taimakonsa." Yara suna gane wannan da sauri, sau da yawa fiye da manya. A kuma ja musu kunne cewa tsokanar mai alaji da abincin da yake gudu ba wasa ba ne.

In ɗana ne mai alajin, me zan nema daga makaranta?

Takardar likita mai bayyana abin da ke tayar masa da ciwon da matakin da za a ɗauka, a ba makaranta kwafi. Allurar adirenalin guda biyu, irin su EpiPen, a wurin da za a iya ɗaukowa nan take, ba cikin kabad mai makulli a ofishin shugaban makaranta ba. A rubuta ranar ƙarewar wa'adinsu a waya. Tun Oktoban 2017 an yarje wa makarantun Ingila su sayi ta ko-ta-kwana ba tare da takardar likita ba, a tambaya ko suna da ita. A kuma tuna da ranakun biki da fita yawon buɗe ido, lokacin da malamin da ya san yaron ba lallai yana nan ba.

In abin ya faru fa?

Da zarar murya ta shaƙe, ko numfashi ya yi wuya, ko yaron ya fara jiri, a soka allurar a gefen cinya ta waje, ko ta saman wando ne. A kira motar asibiti, 999 a Ingila, 911 a Kanada da Amurka. A kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, in numfashi ya gagara a bar shi ya zauna, amma kada a tsayar da shi ko a sa shi tafiya. In bayan minti biyar babu sauƙi, a yi ta biyun. Piriton yana rage ƙaiƙayi, ba ya buɗe maƙogwaro, kada a tsaya jiran aikinsa.

To in daina ba jaririna kunun gyada ke nan?

A'a, bincike ma akasin haka ya nuna. Gwajin LEAP da Farfesa Gideon Lack ya jagoranta a Landan, wanda aka wallafa a 2015, ya gano cewa jariran da ke cikin haɗari da aka fara ba su abinci mai gyada tun kafin su cika shekara, alajin ya ragu a cikinsu da kusan kashi 80 cikin ɗari in aka kwatanta da waɗanda aka hana. Sai dai a ba da ita a niƙe, kamar a kunu, domin ƙwayar gyada tana iya sarƙe ƙaramin yaro. Jaririn da ke fama da ƙyasbi mai tsanani na eczema, ko wanda ƙwai ya taɓa tayar masa da borin jini, a fara kai shi wurin likita kafin a ɗanɗana masa.