Program ko programme: wanne ne daidai a Turanci?

Mai rubuta takardar neman aiki ko ɗalibin da ke shirin jarrabawa yakan tsaya idan ya zo kan wannan kalma, domin ya gan ta iri biyu a littattafai. Ga tambayoyin da aka fi yi a kanta.

Kalmomi biyu ne, ko ɗaya?

Ɗaya ce. Mutanen Ingila ne ke rubuta "programme", Amurkawa kuma "program".

Me take nufi?

Ma'anarta tana da rassa. Akwai shirin rediyo ko talabijin, irin wanda ake kamawa da asuba ko bayan magariba. Akwai takardar da ake rabawa a wurin taro, wadda ke nuna wanda zai buɗe da addu'a da wanda zai yi jawabin godiya. Akwai kuma babban tsari na gwamnati ko na wata hukuma, kamar shirin rigakafin shan inna. Jami'o'i ma da ita suke kiran kwas ɗin digiri. Duk waɗannan abu guda ne ya haɗa su: an tsara abin tun kafin lokacinsa ya zo. Asalinta ma haka yake. Daga harshen Girka ta fito, inda take nufin sanarwar da aka rubuta aka kafe don jama'a su gani.

To, Amurkawa ne suka yanke mata wutsiya?

A'a, kuma nan ne mutane da yawa ke kuskure. Gaskiya ne Noah Webster, wanda ya fitar da babban ƙamusunsa a 1828, ya taimaka wajen kafa rubutun Amurka, irin su "color" a maimakon "colour". Amma wannan kalma labarinta dabam ne. Lokacin da ta shigo Turanci a ƙarni na 17, "program" ake rubuta ta. Sai a ƙarni na 19 Turawan Ingila suka ɗauko rubutun Faransanci mai harufa biyu na ƙari, Amurkawa kuwa suka zauna a kan na da. Wato gajeren ne tsoho. Dubi 'yan'uwanta "diagram" da "telegram", har a Landan ba a ƙara musu komai.

Wanne ya kamata ɗan Najeriya ya bi?

A ganina, "programme". Turancin makarantunmu da ofisoshinmu da jaridunmu gadon Ingila ne, haka ma a Gana. Majalisar Ɗinkin Duniya ita ma shi take bi, shi ya sa sunan hukumarta ta abinci yake World Food Programme. 'Yan'uwanmu na Nijar da suka yi boko da Faransanci ba su da wannan ciwon kai, domin a can rubutun ɗaya ne tak, dogon. Idan kuwa wata jami'ar Amurka kake rubuta wa, bi nasu. Abin da nake roƙon ɗalibai shi ne kada su gauraya. Takardar da ta fara da wannan ta ƙare da wancan tana nuna marubucin bai san akwai bambanci ba, kuma mai dubawa zai lura.

Na ga Baturen Ingila ya rubuta "program". Kuskure ya yi?

Duba maganar da yake yi. Idan batun manhajar kwamfuta ne, daidai ya rubuta, domin a wannan fanni har Ingila gajeren ake amfani da shi. Saboda haka ɗan jarida a Landan zai iya gabatar da "programme" a rediyo a kan yadda ake rubuta "program" na kwamfuta, kuma kowanne yana wurinsa.

Me ya sa kwamfutata ke ja wa "programme" jan layi?

An saita ta ne a kan Turancin Amurka. Shiga wurin zaɓen harshe ka mayar da ita kan na Birtaniya, layin zai ɓace.

"Programming" fa, da "programmer"?

Waɗannan da harafin m biyu ake rubuta su, a Ingila da Amurka duka.