Littafin Koyon Yaren Rubuta Manhaja

Littafin koyon yaren rubuta manhaja shi ne wanda ke ɗaukar ɗalibi tun daga layin farko na kod (umarnin da ake rubuta wa kwamfuta) har ya iya haɗa ƙaramar manhaja da kansa. Daban yake da littafin dube, wanda ake buɗewa don neman ƙa'ida guda a rufe. A Kumasi, ƙasar Ghana, ana samun irinsa a shagunan littattafai da teburan 'yan gwanjo na Adum da Kejetia, da laburaren jami'ar KNUST, sai fayilolin PDF da ke yawo a WhatsApp tsakanin matasan Asawase, Aboabo da Sabon Zango. Kusan duk da Turanci aka rubuta su, don haka sauƙin Turancin marubuci abin dubawa ne.

Shekarar bugu

Bayan shafin take ake fara juyawa, a ga shekarar bugu da samfurin yaren da aka yi aiki da shi. Samfuri na uku na yaren Python, wato Python 3, ya fito a 2008, an kuma daina kula da Python 2 ranar 1 ga Janairun 2020, amma littattafansa ba su ƙare a kasuwa ba. Gane su ba wuya: in aka ga print "Sannu" babu baka biyu, na tsohon yayi ne, Python 3 zai mayar da saƙon kuskure na SyntaxError. Wannan ma da sauƙi, tunda kwamfuta ta yi ƙorafi. Rabawa ce mai ɓatar da mutum: 5/2 a Python 2 yana ba da 2, a Python 3 kuwa 2.5, babu gargaɗin komai, sai ɗalibi ya wuni yana zargin kansa.

Littafin JavaScript da ba ya amfani da let da const ya girmi ƙa'idar 2015. Na yaren C da ke koyar da gets() yana koyar da abin da aka cire daga yaren a 2011 saboda haɗarinsa ga tsaro. Wanda ya cika da conio.h da clrscr() kuwa don tsohuwar manhajar fassara kod ta Turbo C aka yi shi, takwararta GCC a Linux ba za ta karɓa ba. Sai dai C ba ya saurin tsufa kamar kayan gina shafin intanet, tsohon littafinsa mai kyau yana iya koyar da tushe.

Gwaji kafin biya

Babin farko kowane marubuci yana ƙawata shi. A buɗe tsakiya, babin for da while (umarnin maimaita aiki), a buga misali ɗaya mai layi 10 zuwa 20 a kwamfuta, ko a wayar Android mai manhajar Pydroid 3 ta gudanar da Python. In ya yi aiki yadda aka rubuta, kuma littafin ya nuna sakamakon da za a gani, alama ce mai kyau. Daga nan a duba ƙarshen babi: akwai tambayoyin da ke sa ɗalibi ya rubuta nasa kod, ko cike gurbi ne kawai? Akwai amsoshi? Littafin da bai taɓa nuna saƙon kuskure ya fassara shi ba ya bar rabin aikin, domin yawancin lokacin mai koyo a gyara yake tafiya. Masu alkawarin ƙwarewa cikin awa 24 galibi a nan suke faɗuwa.

Fotokwafi da PDF

Idan tawada ta dusashe, 1 da l suna zama ɗaya, haka 0 da O, haka : da ;. A Python gurbin farkon layi, wanda aka saba bari huɗu, ɓangare ne na yaren. Kwafo kod daga PDF yakan rushe shi, ya kuma shigo da lanƙwasassun alamomin zance da yaren bai sani ba. A buga da hannu ya fi.

Wuta da data

Littafin takarda bai san dumsor ba, wato yawan ɗauke wutar lantarki. A kuma duba abin da babin farko ya ce a sauke: manhajojin rubuta kod na Android Studio da Visual Studio suna cin gigabait da dama, suna kuma wahalar da tsohuwar kwamfuta mai RAM gigabait 4. Fayil ɗin girka Python a Windows bai kai megabait 50 ba, yana zuwa da IDLE, ƙaramar manhajar rubuta kod, kuma ana iya sauke bayanan yaren kyauta daga docs.python.org a karanta ba tare da intanet ba.