Thunderclap: tsawar da ba ta sallama

Duk wanda ya san damina ya san ƙarar hadari iri biyu ce. Akwai cida, rugugin nan da ake jiyowa daga nesa yana tafiya a hankali har ya ɓace. Akwai kuma tsawar da ke fashewa lokaci guda a bisa kai, mutum ya zabura ya kama salati. Turawan Ingila ma sun raba su. Ta farko suna ce mata rumble ko roll, ta biyu kuma ita ce thunderclap. Kalmar ta yi yawo sosai, yau ana jin ta a bakin 'yan jarida da masu sharhin ƙwallo da likitoci, kuma a ko'ina ka same ta, abin da ta fi nunawa shi ne zuwan abu ba zato ba tsammani, ƙarfin ƙarar yana biyo baya.

Kalmomi biyu aka haɗa, thunder da clap. A tsohon Ingilishi, wanda aka yi magana da shi fiye da shekara 1,000 da suka wuce, thunor ake cewa, babu harafin d a ciki. Daga baya ya kutsa tsakanin n da r saboda sauƙin furuci. Jamusawa har yau Donner suke cewa, mutanen Holan kuwa nasu ya samu irin wannan ƙarin, suna cewa donder. Thunor ɗin nan kuma sunan abin bautar mutanen Ingila ne kafin Kiristanci ya shiga ƙasar, wanda suka ɗauka shi ne mai tsawa, kuma shi ne mutanen arewacin Turai suke kira Thor. Daga sunansa aka samo Thursday, wato Alhamis, haka ma Donnerstag na Jamusanci. In aka ƙara tonawa, tushen ɗaya ne da tonare na Latin, wanda danginsa suka haifi tonnerre da masu jin Faransanci a Nijar suka sani.

Clap ita ce ke rikita ɗalibai, don abin da aka koya mana a firamare shi ne tafi. Tsohuwar ma'anarta ta fi haka faɗi: duk wata ƙara mai kaifi da ta tashi farat ɗaya, irin ta buga ƙofa da ƙarfi. Tafin hannu reshe ne kawai. An ga kalmomin biyu a haɗe tun ƙarshen ƙarni na 14, a rubuce-rubucen Geoffrey Chaucer, marubucin da ya rasu a 1400.

Mutanen wancan zamani ba su san dalilin ƙarar ba, amma kunnensu bai yaudare su ba. Idan walƙiya ta ratsa iska, takan zafafa ta zuwa kusan digiri 30,000 a ma'aunin Salshiyos, ninki biyar na zafin fuskar rana, cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba. Iskar sai ta buɗe da ƙarfin gaske, wannan buɗewar ce muke ji. Hanyar walƙiya tana iya kai tsawon kilomitoci, ga ta da karkace-karkace. In ƙarar sassanta ta iso kunne ɗaya bayan ɗaya, sai a ji cida. In kuwa babban sashe yana da nisa ɗaya da mai saurare, ko walƙiyar ta sauka kusa, ƙarar duka ta iso tare, nan ne ake samun thunderclap. Sauti yana cin kusan mita 343 a sakan guda, don haka sakan 3 tsakanin haske da ƙara yana nufin kusan kilomita 1.

Ma'anar aro ba ta da wuyar ganewa. Labarin mutuwar farat ɗaya, ko hukuncin kotu da ba wanda ya zata, Bature zai ce ya sauka kamar thunderclap. An ma taɓa yin wani shafin intanet mai wannan suna, daga 2012 zuwa 2018, wanda ke tara goyon bayan jama'a ya saki saƙo ɗaya daga shafukansu na Facebook da Twitter a lokaci guda.

Masu kallon ƙwallo sun san ta ta wata fuskar. A gasar cin kofin nahiyar Turai ta 2016 a Faransa, ƙasar Iceland, wadda mutanenta ba su kai 350,000 ba a lokacin, ta fitar da Ingila da ci 2 da 1 a birnin Nice. Bayan wasa, kyaftin Aron Gunnarsson ya ja 'yan wasa zuwa gaban magoya baya, kowa ya ɗaga hannu sama, a yi tafi ɗaya tare da kuwwar "hu!", a dakata, a sake, ana ƙara sauri har filin ya ɗauka. Aka sa wa abin suna Viking thunder clap. A nan clap ta koma tafi na zahiri. 'Yan Iceland sun kai shi gasar cin kofin duniya a Rasha a 2018, inda Najeriya ta doke su 2 da nema a Volgograd, Ahmed Musa ya ci duka biyun.

Amma ma'anar da na fi so kowa ya riƙe ita ce ta asibiti, don ta shafi rai. A 1986, likitoci biyu a Amurka, John Day da Neil Raskin, sun buga rahoto a mujallar The Lancet a kan wata mata da ciwon kai mai tsanani ya riƙa afka mata farat ɗaya, aka bincika aka tarar wata jijiyar jini a ƙwaƙwalwarta ta kumbura. Suka kira ciwon thunderclap headache, sunan kuma ya zauna. Sharaɗinsa a wajen likitoci a bayyane yake: ciwon kai mai tsanani da ya kai ƙololuwarsa cikin ƙasa da minti 1. Ciwon ɓarin kai da wanda zazzaɓi ke kawowa sukan taso ne a hankali. Wannan kuwa mutum yana zaune lafiya lau, ko yana ɗaga kaya, ko yana yunƙuri a banɗaki, sai ya ji kamar an maka masa guduma a ƙeya. Da yawa sukan ce ba su taɓa jin ciwon kai irinsa ba a rayuwarsu.

Abin da likita ya fi tsoro shi ne fashewar jijiya da zubar jini a kewayen ƙwaƙwalwa. Akwai wasu dalilan: tsukewar jijiyoyin ƙwaƙwalwa na ɗan lokaci, yagewar jijiyar wuya, hawan jini da ya yi tashin gwauron zabi, da daskarewar jini a jijiyoyin kai, wanda masu ciki da masu jego suka fi shiga haɗarinsa. Wani lokacin a bincika ba a ga komai ba, amma ba mai iya sanin haka daga gida. Abin da ke damuna shi ne ciwon yakan lafa, mutum ya sha farasitamol daga kyamis ya ce ya warke, alhali jini kaɗan ne ya tsattsafo, babbar fashewar tana iya biyowa bayan kwanaki ko makonni.

Wanda irin wannan ciwo ya kama, a kai shi asibiti nan take, ko akwai amai da sanƙarewar wuya da suma ko babu, kuma kada ya tuƙa kansa. A gaya wa likita ƙarara cewa ciwon ya zo ne lokaci guda, da kuma ƙarfe nawa ya fara. Hoton ƙwaƙwalwa na CT ya fi gano zubar jinin idan an ɗauke shi cikin awa 6 na farko. In lokaci ya ja kuma hoton bai nuna komai ba, likita yakan ɗebi ruwa daga ƙashin baya ya duba ko akwai alamar jini a ciki.