Limfedima

Limfedima kumburi ne da ke kama ƙafa ko hannu, wani lokaci mama ko al'aura, idan ruwan limf ya rasa hanyar komawa cikin jini. Ruwa ne garai-garai da ke tsatsowa daga ƙananan jijiyoyin jini, sai wasu siraran hanyoyi su kwashe shi su bi da shi ta kaluluwar hamata da ta matsematsi. In hanyoyin suka toshe ko suka lalace, sai ya taru a gaɓar.

Akwai waɗanda ake haifa da matsalar, amma ba su da yawa. Wasu kuma tana samunsu bayan jinyar sankarar mama, idan an cire kaluluwar hamata ko an gasa wurin da na'ura, irin gashin da ake yi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. A ƙasar Hausa dai babban sanadi shi ne tsutsar Wuchereria bancrofti, wadda sauro ke yaɗawa, shi ya sa mazauna fadama irin ta Rima suke cikin haɗari. Galibi tun yarinta tsutsar ke shiga jiki, sai bayan shekaru ƙafa ta zama tundurmi, namiji kuma ta sa masa gwaiwa.

Da fari kumburin na da laushi: a danna da yatsa ya lotsa, a kwana ya saɓe. Daga baya fata ta yi kauri, ta yi kaushi, har a kasa tsunkuno ta a gindin yatsan ƙafa na biyu, alamar da likitoci ke dubawa ke nan. Abin da ke ƙara dagula shi zazzaɓi ne mai zuwa da zafi da raɗaɗin ƙafa, idan ƙwayoyin cuta suka samu ƙofa ta faso ko tsakanin yatsu. Nan ne sakiya da tsagar wanzami ke yin ɓarna, musamman in an ɗauka sammu aka taka.

A 2000 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin kawar da cutar tsutsar, kuma a Najeriya ana raba Mectizan da albendazol kyauta. Maganin na katse yaɗuwa, amma ba ya mayar da ƙafar da ta riga ta kumbura. Ita sai wanki da sabulu kullum, a tsane tsakanin yatsu, a sa takalmi, a riƙa motsa ta, a ɗora ta kan matashi da dare.