Aikin Ba da Shawara na Kirista

Aikin ba da shawara na Kirista fanni ne na taimakon mutumin da ya shiga damuwa, baƙin cikin rashi, rikicin aure ko shaye-shaye, ta hanyar zama da shi a saurare shi, a kuma jagorance shi bisa koyarwar Littafi Mai Tsarki. Masu yin sa sun haɗa da fastoci, dattawan ikilisiya, limaman asibiti da na kurkuku, da ƙwararrun masana halayyar ɗan Adam. Ta'aziyya da gargaɗi sun daɗe a cikin ikilisiya, amma zamansa fanni mai makarantu da mujallu da ƙa'idojin aiki abu ne na ƙarni na 20, kuma a Amurka ya kafu.

Asali

Ana danganta farkonsa da Anton Boisen (1876–1965), fasto wanda shi kansa ya kwanta a asibitin masu taɓin hankali a 1920. Can ya ga yadda marasa lafiya ke fama da tsoron hukunci da nauyin zunubi, likitoci ba su san yadda za su amsa musu ba, fastoci kuma ba sa leƙowa. Da ya samu sauƙi ya zama limamin asibitin Worcester a jihar Masacuset, kuma a 1925 ya fara kawo ɗaliban tauhidi su yi aiki cikin marasa lafiya. Ra'ayinsa shi ne ɗalibi ya karanci mutum mai rai da natsuwar da yake karanta littafi.

Daga wannan tsari ne aka samu wata dabara da limamin asibiti Russell Dicks ya yaɗa, wadda har yau ake amfani da ita. Bayan ɗalibi ya fito daga ɗakin mara lafiya, sai ya zauna ya rubuta hirar kalma bayan kalma iyakar abin da ya tuna, ya kawo wa malaminsa da abokan karatu. A nan ne yakan ga, alal misali, cewa wata mara lafiya ta ce masa “ina jin tsoron daren nan”, shi kuwa ya yi sauri ya buɗe aya, bai tambaye ta me take tsoro ba.

Mazhabobi biyu

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, hanyar masanin halayyar ɗan Adam Carl Rogers ta sauraro ba tare da yanke wa mutum hukunci ba ta yi tasiri a makarantun tauhidi. A 1956 aka kafa ƙungiyar CAPS ta Kiristoci masana halayyar ɗan Adam, makarantar tauhidi ta Fuller a Kalifoniya ta buɗe sashen wannan ilimi a 1965. Waɗannan su ne masu haɗa ilimin halayyar ɗan Adam da Nassi, wato Littafi Mai Tsarki: suna ganin duk gaskiyar da bincike ya gano daga Allah take, don haka babu laifi a yi aiki da ita tare da Nassi. Gary Collins da Larry Crabb suna cikin sanannun marubutansu.

Malamin tauhidi Jay Adams ya ƙi wannan. A littafinsa na 1970, Competent to Counsel, ya ce Nassi ya wadatar, yawancin matsalolin da ba na ciwon jiki ba tushensu zunubi ne, maganinsu kuma gargaɗi cikin ƙauna da tuba. Ya dogara da Romawa 15:14, inda Bulus ya ce masu bi suna iya yi wa juna gargaɗi. Mabiyansa sun kafa ƙungiya a 1976, wadda tun 2013 ake kira ACBC, wato ƙungiyar masu ba da shawara bisa Littafi Mai Tsarki. Adams ya yi gaskiya da ya tuna wa fastoci kada su yar da aikinsu. Sai dai idan aka tsaurara ra'ayin, mai ciwon damuwa yakan koma gida da nauyi biyu, ga ciwo ga zargin ƙarancin bangaskiya.

Ƙa'idojin aiki

Abin da ake fara koya wa sabon mai ba da shawara shi ne ya riƙe bakinsa. Abokan Ayuba sun zauna da shi kwana bakwai ba su ce uffan ba, kuma sai da suka fara bayanin dalilin wahalarsa ne suka ɓata. Yaƙub 1:19 ma ya ce mutum ya yi saurin ji, ya yi jinkirin magana.

Sai riƙe asiri. A ikilisiya wannan ya fi wuya, domin mai shawara da wanda ya zo wurinsa suna haɗuwa ranar Lahadi, matansu suna zumunta ɗaya. Abin da aka faɗa a ofis bai kamata ya fito a wa'azi ba, ko da an sakaya suna, haka ma ba a mai da shi roƙon addu'a sai da izini. Amma asiri yana da iyaka, kuma tun zaman farko ake faɗin ta: idan rai yana cikin haɗari, ko ana cin zarafin yaro, dole a sanar da waɗanda za su iya karewa. Matar da ake duka kuwa, tsaronta ake fara nema kafin maganar sulhu.

Babbar ƙa'ida ita ce mutum ya san inda iyawarsa ta tsaya. Wanda yake jin muryoyi, ko ya kwana da yawa ba barci, ko yana maganar kashe kansa, likita yake bukata, addu'a kuma ta raka shi. A 1979 wani saurayi da fastocin cocin Grace Community a Kalifoniya suke ba shawara ya kashe kansa, iyayensa suka kai ƙara. Kotun Ƙolin jihar ta wanke cocin a 1988, amma shari'ar ta sa makarantu da yawa suka ƙara mai da hankali ga koyar da lokacin da ya kamata a miƙa mutum ga likita. A Najeriya, inda likitocin ƙwaƙwalwa suka yi ƙaranci ƙwarai, fasto ne sau da yawa mutum na farko da iyali ke kai wa kuka. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958.

Binciken ɗalibai da kyaututtuka

Mujallu irin su Journal of Psychology and Theology, wadda aka fara a 1973, suna buga binciken wannan fanni, ƙungiyoyin masana kuma sukan ware kyauta ko ɗan tallafi ga ɗaliban da suka gabatar da maƙala mafi inganci a tarukansu. Abin da alƙalai ke dubawa shi ne tambaya bayyananniya, hanyar aunawa mai tsabta, da amincewar mutanen da aka yi binciken a kansu. Darajar kyautar ba a kuɗin take ba: tana sa ɗalibi ya gwada abin da aka saba ɗauka gaskiya ne.

Misali mai kyau shi ne aikin Everett Worthington na Jami'ar Virginia Commonwealth a kan gafara, wanda ya yi shekaru yana yi tare da ɗalibansa. Tsarinsa matakai biyar ne: mutum ya tuna cutar da aka yi masa yadda take, ya yi ƙoƙarin fahimtar wanda ya cuce shi, ya ba da gafara a matsayin kyauta, ya ɗauki alkawari a kai, sa'annan ya riƙe ta idan ɓacin rai ya dawo. An gwada tsarin a rukunoni da dama, na Kirista da waɗanda ba Kirista ba, aka ga yana ƙara yafiya, yana kuma rage damuwa. Worthington ya bambanta gafara da sulhu: mutum yana iya yafewa ba tare da ya koma hannun wanda zai sake cutar da shi ba.