Kuɗin da Marubutan Littattafan Soyayya ke Samu Daga Kamfanonin Ɗab'i

Abin da marubucin littafin soyayya ke samu ya danganta da kamfanin da ya wallafa masa, da yarjejeniyar da ya sa wa hannu, da yawan kwafin da aka sayar. A Amurka da Kanada da Ingila, inda kasuwar ta fi ƙarfi a harshen Ingilishi kuma akasarin masu rubutun mata ne, kuɗin na zuwa ta hanya biyu: kafin alƙalami, da kason da ake ware wa marubuciya a kan kowane kwafi da aka sayar.

Yadda ake lissafin

Kafin alƙalami ba kyauta ba ne. Kamfani na bayar da shi tun littafi bai fito ba, galibi kashi-kashi: wani a ranar sa hannu, wani idan aka karɓi rubutun, wani ranar fitowa. Daga nan sai ya riƙa cirewa daga kason marubuciya har ya mayar da kuɗinsa, sannan ta fara ganin ƙari. Idan cinikin bai kai ba, a al'ada ba a cewa ta dawo da komai, amma da wuya a sake ba ta mai tsoka a littafi na gaba.

A manyan kamfanonin New York, kason ƙaramin littafi mai bangon takarda kan kama daga kashi 6 zuwa 10 cikin ɗari na farashin da ke jikin bango, an fi yawan bayar da kashi 8. Mai bangon kwali kan fara daga kashi 10, ya hau 12.5, ya tsaya a 15 idan ciniki ya yi yawa. Wakilin da ya yi wa marubuciya dillancin littafin yana ɗaukar kashi 15 na duk abin da ta samu. Lissafin kuma sau biyu a shekara yake zuwa, shi ma ba a cike ba, domin shaguna na da damar mayar da abin da ya yi kwantai. A ƙananan littattafai bangon kawai ake yagewa a aika wa kamfani a matsayin shaida, a lalata sauran. Saboda haka kamfani kan riƙe wani ɓangare na kuɗin marubuciya har ya ga yawan abin da zai dawo.

Harlequin da Mills & Boon

An kafa Mills & Boon a Landan a 1908, Harlequin kuma a Winnipeg ta Kanada a 1949, dukansu kamfanonin ɗab'i ne da suka shahara da littattafan soyayya. Harlequin ya saye Mills & Boon a 1971, ya haɗa da abokin gasarsa Silhouette a 1984, sannan a 2014 kamfanin News Corp ya saye Harlequin a kan dalar Kanada miliyan 455, ya sa shi ƙarƙashin kamfaninsa na ɗab'i, HarperCollins.

Tsarin Harlequin dabam ne. Yana fitar da gajerun littattafai, da yawansu wajen kalma 50,000, jeri-jeri a kowane wata, kuma littafi kan yi kusan wata ɗaya ne a kanta kafin na gaba ya ture shi. Mai saye ta fi bin sunan jerin fiye da sunan marubuciya. Kason da aka san kamfanin da shi a irin waɗannan littattafai kashi 6 ne. A lissafi, littafin dala 5 na ba marubuciya senti 30, kwafi 20,000 kuma dala 6,000. Abin da ke rufa asiri shi ne yawan ƙasashen da ake kai littafin da harsunan da ake fassara shi, ko da yake kason fassara ya fi ƙanƙanta. Mai son ta ci abinci da wannan sana'a sai ta rubuta littafi uku ko huɗu a shekara.

A 2012 wasu marubuta suka kai Harlequin ƙara a New York kan kason littafin intanet a yarjejeniyoyin da aka ƙulla daga 1990 zuwa 2004. Yarjejeniyar ta ce marubuciya na da rabin abin da “mawallafi” ya karɓa. Sai dai mawallafin da ke rubuce a takarda wani reshen kamfanin ne a Suwizalan, wanda kashi 6 zuwa 8 kawai na farashin littafin intanet ke shiga hannunsa, marubuta suka tashi da kashi 3 zuwa 4. Kotun farko ta kori ƙarar, kotun ɗaukaka ƙara ta dawo da ita a 2014, aka sasanta a 2016 a kan dala miliyan 4.1. Shari'ar ta nuna cewa jin “kashi 50” bai wadatar ba, sai an tambaya: na wane kuɗi?

Littafin intanet da ƙananan kamfanoni

Manyan kamfanoni na ba da kashi 25 na abin da ya shigo hannunsu, ba na farashi ba. Littafin dala 7.99, idan shagon intanet ya cire kashi 30, saura dala 5.59, marubuciya ta samu wajen dala 1.40 kafin wakili ya ɗauki nasa.

Ƙananan kamfanonin da suka fara da intanet, irin su Ellora's Cave da Samhain, sun jawo marubuta da kaso mai tsoka, kashi 30 zuwa 40, yawanci ba kafin alƙalami ko kuma ɗan kaɗan. Ellora's Cave ya rufe a 2016, Samhain a 2017. A ƙarshen 2016 shagon All Romance eBooks ya rufe bagatatan, ya yi wa marubuta tayin senti 10 a kan kowace dala da suke bin sa.

Wallafa da kai

Amazon ya buɗe wa marubuta ƙofar wallafa littafi da kansu a 2007, a 2010 kuma ya fito da kason kashi 70 ga littafin da farashinsa ke tsakanin dala 2.99 da 9.99. Wanda ya fita daga wannan iyaka kashi 35 ne. Littafin dala 3.99 kan kawo wajen dala 2.70, wato abin da sai an sayar da kwafi tara na littafin dala 5 a kaso 6 kafin a same shi. A tsarin Kindle Unlimited na Amazon, inda mai karatu ke biyan kuɗin wata ta karanta littattafan da ke ciki, wanda ya fara a 2014, tun 2015 shafin da aka karanta ake biya, ƙasa da rabin senti a mafi yawan watanni, da sharaɗin kada a sayar da littafin na intanet a wani shago har kwana 90. Marubutan soyayya na cikin waɗanda suka fi cin moriyar wannan hanya, saboda masu karatunsu ba sa jiran wata ya zagayo. Amma kuɗin edita da zanen bango da talla duk daga aljihun marubuciya suke fita, talla kuwa kan cinye riba idan ba a yi hattara ba.

A ƙasar Hausa

Littattafan soyayya da suka bunƙasa a Kano daga shekarun 1980 ba su bi ta kamfanin da ke biyan kaso ba. Marubuciya ce ke biyan maɗaba'a, ta kai wa dilolin littafi a kasuwa, ta jira a sayar kafin ta karɓi kuɗinta, ko ta sayar wa ɗan kasuwa rubutun gaba ɗaya ya buga da kuɗinsa. Raba labari gida-gida, na ɗaya da na biyu da na uku, ya taimaka wajen juya ɗan jarin. Da takarda ta yi tsada, da yawa sun koma waya: a saki shafukan farko kyauta a Wattpad ko WhatsApp, mai son ci gaba ta tura kuɗi ta banki ko katin waya a sa ta a rukunin masu biya. Babu kamfani ko wakili da za a raba kuɗin da shi, sai dai da zarar mutum ɗaya ya fitar da littafin daga rukunin, yana iya zagaye gari ba tare da marubuciyar ta ga ko sisi ba.